Yadda Amurka Ta Gina Bankin Ƙasa Sau Biyu, Ta Kuma Rushe Shi Sau Biyu

Duk mai karatun da ya taɓa zuwa canji a Wapa ta Kano, ko don guzurin aikin Hajji ko don kuɗin makarantar yaro, na tabbata takardar Dala 20 ta taɓa ratsa hannunsa. A jikinta akwai hoton wani dattijo mai doguwar fuska da tulin furfura. Sunansa Andrew Jackson, Shugaban Amurka na 7. Abin da kan ba ni dariya duk lokacin da na dubi takardar nan shi ne, a tarihin ƙasar kaf da wuya a sami shugaban da ya tsani kuɗin takarda da bankin ƙasa kamar wannan bawan Allah. Shi ne ya sa ƙafa ya shure bankin da ake da shi a zamaninsa, amma ga hotonsa nan yana yawo a duniya bisa takardar da babban banki ke fitarwa. A jikin Dala 10 kuwa akwai Alexander Hamilton, wanda shi ne ya kawo shawarar kafa bankin tun farko.

Na ga ya dace in kawo wa masu karatu wannan tarihi ne saboda mun saba ɗaukar babban banki tamkar wani abu da aka halicci ƙasa da shi, kamar kogi ko dutse. Alhali kuwa ƙasar da kuɗinta ya fi na kowa ƙarfi a yau ta shafe shekara 50 na farkon rayuwarta tana kokawa a kan ko ya halatta ma a yi shi, kuma wa zai riƙe linzaminsa idan an yi.

Amurka ta fito daga yaƙin neman 'yanci da Ingila a 1783 da nasara a hannu da kuma aljihu wayam. Majalisar da ta jagoranci yaƙin ba ta da ikon karɓar haraji, don haka sai ta yi ta buga takardun kuɗi, sama da Dala miliyan 200, har ta kai a 1780 ita kanta ta amince cewa Dala 40 na takardar ne daidai da Dala 1 ta azurfa. Sojojin da suka yi yaƙin da manoman da suka ciyar da su, da yawansu takardun alkawarin biya aka danƙa masu. Lokacin da George Washington ya hau mulki a 1789 ya naɗa Hamilton Sakataren Baitulmali, bashin da ke kan gwamnatin tarayya ya kai wajen Dala miliyan 54, ga kuma na jihohi da aka ƙiyasta a kan miliyan 25.

Shi Hamilton ba ɗan kowa ba ne. An haife shi a tsibirin Nevis na yankin Karibiyan, ya tashi maraya, ya kuma fara rayuwa a matsayin akawun wani kantin fatake, inda ya koyi lissafin kaya da bashi tun yana yaro. Watakila wannan ne ya sa bai ɗauki bashi abin kunya ba. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa; shi a ganinsa abin da ya raba ƙasa mai daraja da marar daraja shi ne biya a kan lokaci. A rahoton da ya miƙa wa majalisa a Janairun 1790 ya nemi tarayya ta biya dukkan bashinta cif-cif, ta kuma ɗauke wa jihohi nasu. Dabararsa a fili take: idan attajiran ƙasa suna riƙe da takardun lamunin gwamnati, to dole su so gwamnatin ta ɗore.

Sai dai a nan ne aka fara ɓata rawa da tsalle. Mafi yawan tsofaffin sojojin nan talauci ya riga ya sa sun sayar da takardunsu a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma da ƙishin-ƙishin shirin ya fita, 'yan baranda daga manyan birane suka bazama ƙauyukan Kudu suna saye ragowar kafin labari ya isa can. James Madison ya roƙi majalisa ta ware wani kaso ga masu takardun na asali, aka kayar da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ina ganin duk ƙiyayyar da talakan Amurka ya yi wa bankin daga baya, a wannan rana aka shuka irinta. Batun bashin jihohi kuma sai da aka yi cinikin siyasa a wata liyafar cin abinci a gidan Thomas Jefferson: 'yan Kudu suka sassauta, aka ba su babban birnin ƙasa a bakin kogin Potomac.

A Disambar 1790 Hamilton ya kawo shawarar bankin. Samfurinsa Bankin Ingila ne da aka kafa a 1694, gidan da mu ma daga can aka ɗauko mana Roy Fenton, gwamnan farko na Babban Bankin Nijeriya, bankin da ya fara aiki a 1959. Jarin bankin Hamilton Dala miliyan 10 ne, an kasa shi hannun jari 25,000, kowanne a kan Dala 400. Gwamnati za ta riƙe kashi 1 cikin 5, saura na 'yan kasuwa, kuma lasisinsa na shekara 20 ne. Ga inda gwanintar take: mai sayen hannun jari zai biya rubu'i kawai da zinariya ko azurfa, sauran kashi 3 cikin 4 kuma da takardun lamunin gwamnati. Wato takardun bashin nan da jiya ba su da mai so, yau sun zama jarin banki, darajarsu ta tashi. Ita kuma gwamnatin da ba ta da ko anini, bankin ne ya ranta mata Dala miliyan 2 da ta sayi nata kason da su, a kan za ta biya cikin shekara 10. Wanda ya ce wannan siddabaru ne bai yi ƙarya ba, amma siddabarun ya yi aiki.

Majalisar Wakilai ta amince da ƙuri'a 39 da 20, kuma kusan duk waɗanda suka ƙi 'yan Kudu ne. Hujjar Jefferson, wanda a lokacin shi ne Sakataren Harkokin Waje, ita ce kundin tsarin mulki ya lissafa ikon da aka bai wa tarayya ɗaya bayan ɗaya, kuma babu kafa banki a ciki. Idan aka tsallake wannan iyaka sau ɗaya, to babu sauran iyaka. A ƙarƙashin wannan hujja ta shari'a akwai tsoro na zahiri. Arzikin Kudu ƙasa ce da taba da bayi, na Arewa kuwa jiragen ruwa da fatauci. Manyan manoman Bajiniya sun gaji bashin 'yan kasuwar Landan tun kaka da kakanni, sun san ɗacin zama a hannun mai ba da rance, kuma suna ganin bankin da ke Filadelfiya wata sabuwar Landan ce aka kawo masu cikin gida. Jefferson kansa ya mutu a 1826 da bashin sama da Dala dubu 100 a wuyansa, har sai da aka yi gwanjon bayinsa kimanin 130 domin a rage shi. Na kawo wannan ne don mai karatu ya san irin manomin da ake magana a kai idan an ce Jefferson ya kare manoma.

Washington ya yi jinkiri ƙwarai, har ya sa Madison ya rubuta masa takardar hawa kujerar na-ƙi ya ajiye ko da za a buƙata. Sai Hamilton ya mayar da martani da wata doguwar takarda wadda tushenta shi ne: wanda aka ɗora wa aiki, an ba shi izinin kayan aikin ke nan, ko ba a ambace su ba. Tunda an ce tarayya ta karɓi haraji, ta ci bashi, ta biya sojoji, to tana da damar gina rumbun da za ta yi waɗannan da shi. Ranar 25 ga Fabrairun 1791 Washington ya sa hannu. Daga wannan gardama ne jam'iyyun siyasa biyu na farko a ƙasar suka fara bayyana.

Ranar 4 ga Yulin 1791 aka buɗe sayar da hannun jari, nan take ya ƙare. Takardar kafin alƙalami ta Dala 25 ta yi ta hauhawa har ta kai wajen Dala 300 a watan Agusta kafin ta rikito. A Maris na 1792 wani tsohon mataimakin Hamilton mai suna William Duer, wanda ya ci bashin kowa a birnin Niyok har da zawarawa da masu ƙananan kantuna domin ya mamaye kasuwar takardun, ya karye, ya ja ɗimbin mutane suka faɗi tare da shi. Hamilton ya yi maza ya sa gwamnati ta shiga sayen takardun lamuni, ya kuma lallashi bankuna su ci gaba da ba da rance, ƙurar ta lafa cikin 'yan makonni. Duer kuwa a gidan kason masu bashi ya ƙare rayuwarsa a 1799.

Bayan wannan tangal-tangal ta farko, bankin ya yi aiki cikin natsuwa, ya buɗe rassa 8 daga Boston har zuwa New Orleans. Ya kamata in tsaya a kan wani aiki nasa da ba a rubuta a cikin dokar kafa shi ba, domin shi ne ya jawo masa yabo, shi ne kuma ya jawo masa ajali. A wancan zamani kowane banki da jiha ta bai wa lasisi yana buga takardun kuɗinsa, bisa alkawarin duk wanda ya kawo takardar za a ba shi zinariya ko azurfa. Jarabar a bayyane take: mai banki ya ajiye azurfar Dala 1 ya buga takardar Dala 10, yana fatan kada masu ita su zo rana guda. To amma yawancin kuɗin shigar gwamnati daga kwastan suke zuwa, fatake kuma da takardun waɗannan bankuna suke biya, su kuma takardun a bankin ƙasa suke tarewa. Sai bankin ya riƙa kwasarsu yana mayar wa masu su yana cewa a ba shi azurfarsa. Duk bankin da ya san gobe za a ƙwanƙwasa masa ƙofa, dole ya yi hattara da injin buga kuɗi. Idan kuma kasuwa ta ƙuntata, bankin ƙasa kan ɗan ɗaga ƙafa. Babu wanda ya naɗa shi mai sa ido, girmansa ne ya naɗa shi. Kuma babu mai son mai sa ido.

Saboda haka da wa'adin lasisi ya cika a 1811, maƙiyansa sun yi yawa: bankunan jihohi da ke son a sakar masu mara, da 'yan siyasar da suka gaji aƙidar Jefferson, da masu cewa bankin na baƙi ne, domin gwamnati ta sayar da kasonta tun 1802 kuma wajen kashi 70 cikin 100 na hannun jarin ya koma hannun 'yan ƙasashen waje, galibi Turawan Ingila, duk da cewa doka ba ta ba su ƙuri'a ba. Hamilton ba ya raye balle ya kare shi, Aaron Burr ya harbe shi a fito-na-fito da bindiga tun 1804. Sakataren Baitulmali na lokacin, Albert Gallatin, wanda na hannun daman Jefferson ne amma aiki ya koya masa amfanin bankin, ya yi iya ƙoƙarinsa. A Majalisar Wakilai aka kayar da ƙudurin da ƙuri'a 65 da 64. A ta Dattawa aka yi kunnen doki, 17 da 17, Mataimakin Shugaban Ƙasa George Clinton ya raba gardama da ƙin amincewa.

Shekara guda bayan haka suka shiga wani yaƙin da Ingila. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Gwamnati ta rasa mai ranta mata, bankunan jihohi suka ninka yawansu suna ta buga takarda, kuma da sojojin Ingila suka ƙone birnin Washington a Agustan 1814, yawancin bankunan da ke wajen yankin New England suka daina biyan azurfa. Kafin ƙarshen shekarar Baitulmali ya kasa biyan wani sashe na kuɗin ruwan bashinsa. A 1816 Madison, mutumin da ya tsaya a majalisa shekara 25 baya yana cewa banki haramun ne a tsarin mulki, shi ne a matsayinsa na Shugaban Ƙasa ya sa hannu a dokar kafa na biyu, mai jarin Dala miliyan 35.

Wannan na biyun da ƙafar hagu ya fara. Shugabansa na farko, William Jones, ya saki rance ba lissafi, jami'an reshen Baltimore kuma suka wawure sama da Dala miliyan 1. Da aka farga aka ja linzami da ƙarfi, aka bi mutane a biya bashi, sai ga karayar tattalin arziki ta 1819, gonaki da gidaje a yammacin ƙasar suka yi ta komawa hannun banki. Jihar Maryland ta ɗora wa reshensa haraji don ta kore shi, magana ta je Kotun Ƙoli, Alƙalin Alƙalai John Marshall ya yanke hukunci a 1819 cewa bankin halal ne kuma jiha ba ta da ikon sa masa haraji, kusan da hujjojin Hamilton kalma da kalma. Abin ban haushin shi ne James McCulloch, ma'ajin da aka yi shari'ar da sunansa, yana cikin waɗanda suka yi ta'asar Baltimore.

Daga 1823 Nicholas Biddle ya karɓi ragama. Ɗan manyan Filadelfiya ne, masani, kuma babu mai musun cewa a hannunsa bankin ya yi aiki fiye da kowane lokaci: rassa 25, takardarsa tana karɓuwa daga wannan kusurwa ta ƙasar zuwa waccan. Aibinsa girman kai. Da wani kwamitin Majalisar Dattawa ya tambaye shi ko bankinsa ya taɓa zaluntar ƙananan bankuna, sai ya amsa da cewa kaɗan ne daga cikinsu ba zai iya rushewa ba in ya ga dama, sai dai bai taɓa yi ba. Shi a zatonsa yabon kansa ya yi. Bugu da ƙari bankin na bai wa 'yan majalisa da editocin jaridu rance cikin sauƙi, kuma Sanata Daniel Webster, babban mai kare shi a zauren majalisa, lauyansa ne da ke karɓar kuɗin aiki.

Shi kuma Jackson tsohon janar ne daga Tennessee, wanda tun a 1795 ya sayar da fili ya karɓi takardun alkawari daga wani ɗan kasuwa da ya karye, ya shafe shekaru yana biyan bashin da bai ci ba. Tun daga nan bai ƙara yarda da takarda ba. A 1832 Sanata Henry Clay, wanda ke neman kujerar Jackson, ya zuga Biddle ya nemi sabunta lasisi shekara 4 kafin wa'adi, da tunanin Jackson ba zai kuskura ya ƙi ba ana gab da zaɓe. Ranar 10 ga Yuli Jackson ya hau kujerar na-ƙi, da wata takarda da aka rubuta domin kunnen talaka: attajirai da masu ƙarfi na lanƙwasa gwamnati don son ransu, baƙi na riƙe da hannun jarin sama da Dala miliyan 8, hukuncin Kotun Ƙoli kuma bai ɗaure shugaban ƙasa ba. Ya lashe zaɓen da ƙuri'un wakilai 219, Clay ya tashi da 49.

Bai jira wa'adin ya cika ba. A 1833 ya umarci a daina ajiye kuɗin gwamnati a bankin. Sakataren Baitulmali na farko ya nuna ƙin yarda aka sauya masa ma'aikata, na biyu ya ƙi aka kore shi, na uku, Roger Taney, ya aiwatar. Aka rarraba ajiyar ga wasu bankunan jihohi, da dama daga cikinsu na 'yan lelen jam'iyya. Biddle ya rama ta hanyar ƙuntata rance da gangan, domin jama'a su ji a jikinsu su tilasta wa gwamnati ta ja da baya. Kamfanoni suka rufe, ma'aikata suka rasa aiki. A nan ne, a ganina, Biddle ya kashe kansa da kansa, domin ya tabbatar wa kowa da abin da Jackson ke faɗa: ga mutum guda da babu wanda ya zaɓe shi, yana iya hana ƙasa numfashi. Mu da muka ga farkon 2023, lokacin da sauya fasalin Naira ya sa mai kuɗi a asusu ya kwana a layi, har jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayanin yadda ƙarancin kuɗi ke shiga tukunyar miya, ko da yake dalilan ba ɗaya ba ne.

Da mai sa ido ya kau, sai aka shiga bushasha. A Janairun 1835 gwamnati ta biya bashinta kakaf, abin da ba a sake yi ba har yau. Cinikin filayen gwamnati ya tashi daga kimanin Dala miliyan 5 a 1834 zuwa kusan miliyan 25 a 1836. Filayen nan kuwa da yawansu na ƙabilun asali ne da dokar Jackson ta 1830 ta kora zuwa yamma, waɗanda suka nome audugar kuma bayi ne da ake jinginar da su a banki kamar kadara. Talakan da Jackson ya kare farar fata ne kawai. A Yulin 1836 ya ba da umarnin kada a sake sayar da fili sai da zinariya ko azurfa, Bankin Ingila ya ƙara kuɗin ruwa, farashin auduga ya faɗi, a Mayun 1837 bankunan Niyok suka daina biya, aka shiga ƙuncin da ya kai har farkon shekarun 1840, inda jihohi 8 suka kasa biyan masu binsu bashi. Adalci ya sa in ambaci cewa masana irin su Peter Temin sun nuna kwararar azurfa daga Meziko da matakan Landan sun fi Jackson laifi a wannan faɗuwa. Na yarda da su rabi. Guguwar daga waje ta zo, amma ta tarar an riga an cire ginshiƙin ɗaki.

Idan aka tambaye ni wa ke da gaskiya, zan ce Hamilton ya fahimci kuɗi fiye da abokan gabarsa nesa ba kusa ba, amma bai damu da wanda aka taka a hanya ba. Tambayar Jefferson da Jackson kuwa, wato wa zai tuhumi mai riƙe da kuɗin kowa, tambaya ce ta gaskiya da Biddle bai taɓa amsawa ba. Kuskuren Jackson shi ne yana da ƙarfin da zai sa a gyara dokar, a ƙara wa gwamnati wakilai a hukumar daraktoci, a hana bankin sayen 'yan majalisa, amma ya zaɓi rusau saboda abin ya zama gaba tsakaninsa da mutum guda.

Bankin Biddle ya koma na jihar Pennsylvania a 1836, ya dulmiya cikin cacar auduga, ya durƙushe a 1841. Daga nan ƙasar ta shiga zamanin da dubban nau'o'in takardun kuɗi ke yawo, mai kanti sai ya buɗe wata mujalla ta musamman ya duba ko takardar da aka miƙo masa jabu ce, ko bankinta na nan da rai, da kuma nawa za a rage mata. Yaƙin basasa ne ya tilasta dokokin 1863 da 1864 da suka samar da takardar kuɗi ta bai ɗaya. Babban banki kuwa sai bayan firgicin 1907, lokacin da ƙasar ta wayi gari ta ga wani attajiri guda, J. P. Morgan, shi ne ya tara masu bankuna a ɗakin karatunsa ya ceto kasuwa. Ko a 1913 da aka kafa wanda ake da shi yanzu, 'yan majalisa ba su yarda su kira shi bankin ƙasa ba, ba su kuma yarda ya zama guda ɗaya ba: sai suka kasa shi gida 12 a birane daban-daban, suka ɗora masa hukuma a Washington wadda shugaban ƙasa ke naɗawa, Majalisar Dattawa ta tantance.